Alhaji Abubakar Mahmud Gummi, Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa: Aikinsa da Abokansa



Kwamitin ginin masallaci ya ga bai kamata a cika wannan ɗan littafi na ranar aza harsashin sabon masallacin Yargalma da sunayen masu gudummawa da lissafin buhunan siminti kaɗai ba. Liman ya yi umurni a ware wuri a ambaci wani daga cikin magabatan wannan yanki namu na Gummi da Bukkuyum da Anka wanda ya yi wa jama'a aiki, domin yara masu tasowa su san irin mutanen da ƙasarsu ta fitar. Shawara ta tsaya a kan Alhaji Abubakar Mahmud Gummi, Allah ya jiƙansa.

Yawancin mutane sun san shi ne da tafsiri, da muryarsa a Rediyon Kaduna cikin watan azumi, har an kusa mance cewa sana'arsa ta asali shari'a ce. Makarantar shari'a ya yi, a ɗakin shari'a ya fara cin abinci, ya kuma kai muƙamin da babu wani alƙalin Musulunci a bisansa duk faɗin Jihar Arewa. Bai sa baƙar riga da farin gashin nan na lauyoyi ba, amma aikin da a ke nema ga lauyan kirki, watau ya san doka ya kuma tsaya wa wanda bai san ta ba, shi ya yi har ƙarshen ransa. Wannan gefe na tarihinsa mu ke so mu tsaya a kai, tare da abokan da Allah ya haɗa shi da su, gama da wuya a fahimci aikinsa ba a san su ba.

Asalinsa da karatunsa

An haife shi a garin Gummi, bakin Gulbin Zamfara, a farkon shekarun 1920. A zamanin nan Gummi gunduma ce ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, kamar Anka da Bukkuyum. Mahaifinsa, Malam Mahmud, malami ne kuma alƙalin garin, saboda haka yaron ya buɗe ido ya tarar da masu ƙara da masu ɗaukar karatu suna shiga ƙofa guda. A gida ya yi karatun allo da littattafan farko na fiƙihu. Sunan garin ne ya bi shi har ƙasashen waje, sai dai a takardun gwamnati an yar da harafi ɗaya, aka riƙa rubuta Gumi, mu kuwa nan gida ba mu bar faɗinsa yadda kakanninmu suka faɗa ba.

A 1933 aka sa shi elementare ta Dogondaji, a 1936 ya wuce Midil ta Sakkwato. Dattawa sun san yadda a ke ɗaukar makarantar boko a lokacin: iyaye na ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu idan dogarai sun zo ɗiba. Ɗan alƙali ya shiga boko a irin wannan zamani ba ƙaramin abu ba ne, kuma da bai shiga ba da wuya ya sami hanyar da ya bi daga baya. A Dogondaji ya san Ibrahim Dasuƙi, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1988. A Midil ya zauna da Shehu Shagari, wanda ya zama Shugaban Ƙasa a 1979. Lokacin nan ba wanda ya san abin da kowa zai zama, yara ne masu cin tuwo a akushi guda.

Daga Sakkwato sai Makarantar Shari'a ta Kano. An kafa ta a 1934 domin a horar da alƙalai da ma'aikatan ɗakin shari'a na En'e-En'e na Arewa, aka ɗauko malamai daga Sudan. Littattafan dai su ne waɗanda malamanmu na zaure suka sani, fiƙihun Malikiyya tun daga Risala har Muhtasar, wanda mu ke kira Lauwali da Sani, amma yadda a ke koyarwa ya bambanta. Akwai aji, akwai jarrabawa, ana kuma tilasta wa ɗalibi ya yi magana da Larabci ya yi rubutu da shi, ba ya tsaya ga fassara kalma bayan kalma ba. A 1947, shekarar da aka sāke wa makarantar suna ta koma Makarantar Nazarin Larabci, ya gama, ya komo Sakkwato ya zama muhuti a ɗakin shari'ar Alƙali Attahiru.

Aikin bai kwanta masa a rai ba, bai kuwa daɗe ba ya koma koyarwa. Wanda ya san yadda ɗakin shari'ar En'e ya ke a zamanin Turawa ba zai yi mamaki ba. Alƙali ma'aikacin En'e ne, daga baitulmalin sarki a ke biyansa, ga kuma Di'o da Razdan waɗanda doka ta ba su ikon duba littafinsa su sāke hukunci idan sun ga dama. Tsakanin sarki da Bature, wurin da ya rage wa littafi kaɗan ne.

Maru da zancen taimama

A 1949 yana koyar da Larabci da addini a Kwalejin Horon Malamai ta Maru, nan cikin ƙasar Zamfara. Can ya tarar da Malam Aminu Kano, wanda aka kawo daga Bauchi, shi ma ɗan gidan malamai da alƙalai ne, shi ma ba ya iya ganin abu ya yi shiru. Suka shaƙu.

A Maru ne aka fara jin sunansa, a kan mas'alar da kowane yaro mai karatun Ahalari ya sani. Ya tarar al'ada ta zauna a garin, mutane har da limami suna taimama su yi salla alhali ga ruwa, kuma lafiyarsu ƙalau. Hukuncin a fili ya ke cikin littattafanmu, tun daga Ishmawi har Risala: taimama rangwame ne ga wanda ya rasa ruwa, ko marar lafiyar da ruwa zai cutar. In babu ɗayan waɗannan, ba ta tsayawa a madadin alwala, sallar da aka yi da ita kuwa ba ta inganta ba. Ya faɗi haka, ya kuma hana ɗalibansa bin limamin har sai an gyara. Malam Aminu ya goya masa baya.

Mai karatu na yau zai iya cewa, me ke cikin wannan? Sai ya tuna saurayi ne da bai kai shekara talatin ba, ma'aikaci, a ƙasar Sarkin Musulmi, ya ce da limamin gari sallarsa ba ta yi ba. Magana ta kai gaban Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, aka sa a bincika, aka kuwa tarar hujjarsa tana nan cikin littafi, ba a iya ture ta ba. Abin da mu ke so a lura da shi a nan shi ne yadda ya yi gardamar. Bai tara 'yan sanda da gora ba, bai kuma ce shi ya fi kowa sani ba, cewa ya yi a buɗe littafi a duba. Halin mai shari'a ke nan, wanda ya saba tambayar mai da'awa, ina shaidarka?

A 1950 Malam Aminu ya ajiye aikin koyarwa ya shiga siyasa, ya zama jagoran NEPU, jam'iyyar da ta tsaya wa talakawa gaban sarakuna da En'e. Abokinsa kuwa, kamar yadda za mu gani, Allah ya kai shi gefen mutumin da NEPU ta fi ja da shi. Su biyun daga aji guda na Maru suka tashi, da tambaya iri guda, kowa ya bi tasa hanya.

Haɗuwarsa da Sardauna

Bayan ya koma Kano ya ƙara karatu ya kuma koyar, a 1954 gwamnati ta aika da shi Sudan tare da waɗansu samarin malamai, cikinsu har da Malam Haliru Binji da Malam Shehu Galadanci, zuwa makarantar horon malamai ta Bakhtar Ruda, bakin Farin Nilu. Daga can ya tafi aikin hajji a 1955. A wannan shekara ce Firimiyan Jihar Arewa, Alhaji Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ya yi hajjinsa na farko. Firimiya yana bukatar wanda zai yi masa tafinta gaban Larabawa, ga kuwa ɗan ƙasarsa mai Larabci kamar ruwa. Daga nan abota ta ƙullu wadda ba ta kwance ba sai da mutuwa.

Sardauna ya girme shi da fiye da shekara goma, jinin Shehu Usmanu ne ta wajen Sarkin Musulmi Bello, ga mulki a hannu. Shi kuwa ɗan alƙalin gunduma ne, ba shi da komi sai karatu. Amma Sardauna ba baƙon Zamfara ba ne, gama tun 1938 aka zaunar da shi Gusau yana duba gundumomin gabas na En'e ta Sakkwato. Kuma ya ɗanɗani shari'a da kansa. A 1943 an tuhume shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta ɗaure shi, ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu a Zariya, aka wanke shi. Mutumin da ɗaukaka ƙara ta cece shi ba ya bukatar a gaya masa amfanin kotun da ke bisa kotu.

Aikin farko da wannan abota ta haifar na alhazai ne. A 1957 aka naɗa shi jami'in alhazan Nijeriya a Jidda. Kakanninmu da suka yi hajji kafin jirgin sama ya yawaita sun ba da labarin hanyar: a ƙasa, ta Barno, ta Fallomi, a ratsa Sudan, a tsaya a yi noman auduga ko ƙwadago a tara guzuri, sa'an nan a haye Bahar Maliya. Waɗansu shekara biyar, waɗansu goma, waɗansu ba su komo ba har abada. Wanda ya isa Jidda kuwa sau da yawa ba fasfo, ba harshe, ba wanda ya sani. In kuɗinsa sun ƙare, ko ya yi rashin lafiya, ko ya faɗa hannun macuta, ko ɗan'uwansa ya rasu ya bar kaya, sai wanda ya san dokar ƙasar da harshenta ya tsaya masa. Irin wannan aiki ba ya shiga jarida, amma a wurinmu yana cikin mafi girman abin da ya yi. A can kuma ya saba da malaman Hijaz da manyan gidan sarautar Sa'udiyya, sanayyar da ta yi wa Arewa amfani daga baya. Abokinsa na Dogondaji, Ibrahim Dasuƙi, shi ma ya riƙe wannan aiki na Jidda a bayansa.

Kujerar Alƙalin Alƙalai

Da mulkin kai ya gabato, sai zancen shari'ar Arewa ya taso da ƙarfi. Mutanen Kudu da ƙananan kabilun Arewa waɗanda ba Musulmi ba suna tsoron kotunan alƙalai, Ingila kuma ta nuna sai an yi gyara. A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira kwamitin masana ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Cikinsa akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson daga Landan, da Shettima Kashim Wazirin Barno, da Mista Peter Achimugu, da Malam Musa Alƙalin Alƙalan Bida. Bisa shawararsu aka tsara kundin dokokin laifuffuka, wanda kowa ke kira Final Kod, aka fara aiki da shi a 1960. Daga ranar nan hukuncin kisa da sata da rauni ya bar littattafan fiƙihu ya koma kundin gwamnati, aka riƙa kai alƙalai Kongo a Zariya ana koya musu shi.

Abin da aka bar wa shari'ar Musulunci tsantsa shi ne aure da saki, da gado, da wasiyya, da wakafi, da kyauta, da riƙon yara da marayu. Domin waɗannan aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna a 1960. Shaihu Awad, mutumin Sudan, shi ne Alƙalin Alƙalai na farko, Malam Abubakar mataimakinsa. A 1962 ya hau kujerar, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta.

Malamai da yawa sun ga wannan tsari hasara ce, sun ce an yanke wa shari'a hannu an bar ta da rabon gado. Ba mu ce ba su da hujja ba. Amma mu da ke zaune kusa da liman muna ganin abin da ke kawo mutane ƙofarsa kowace safiya, mun san inda takalmi ke matsa talaka. Cikin goma da za su zo, da wuya ka sami ɗaya mai zancen haddi. Saura duka matar da miji ya tafi ci-rani ya bar ta ba ci ba saki, da marayun da baffansu ya haɗa gonar ubansu da tasa, da 'ya mace da 'yan'uwa maza suka ce ba ta gadon ƙasa. Waɗannan su ne aka sa a hannun sabuwar kotun. Kafin ta, ƙarar da ta fito daga Gummi ko Anka kusan iyakarta Sakkwato, gaban mutanen da suka san alƙalin farko suka kuma san mai ƙarfin da a ke ƙara. Yanzu ga wata ƙofa a Kaduna, ga alƙalai masu albashin gwamnatin jiha, waɗanda hakimi ba ya iya tuɓe su. Karɓar wannan kujera da ya yi, maimakon ya yi fushi ya koma zaure, a ganinmu daidai ne.

Abin da abota ta haifar

Tun zamanin da, malamai suna gargaɗin ɗalibansu game da ƙofar sarakuna, Shehu Usmanu da ƙanensa Malam Abdullahi sun yi magana mai zafi a kan malaman fada. A lokacinsa ma an sami masu cewa Alƙalin Alƙalai malamin gwamnati ne. To, ba mu da ma'aunin da za mu auna zuciyar mutum, amma muna iya duba abin da ya fito daga zaman.

A farkon 1962 aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, da shawararsa da ƙarfin Sardauna, domin Musulmin Arewa su sami inuwa guda ta gina makarantu da masallatai da buga littattafai da wa'azi. A wannan shekara kuma aka kafa Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, a Makka, Sardauna ya zama mataimakin shugabanta, Malam kuwa shi ne harshensa da wakilinsa a can. Ta wannan hanya taimako ya riƙa shigowa daga ƙasashen Larabawa. Kwalejin Shaihu Sabah ta Kaduna, wadda aka gina da gudummawar Kuwaiti, daga baya aka sa mata sunan Sardauna, tana cikin 'ya'yan wannan tafiya. Masallacin Sarkin Musulmi Bello na Kaduna, inda ya yi tafsiri shekara da shekaru, shi ma ginin wannan zamani ne. Sardauna yana da iko da kwarjini da son a ce an yi, abokinsa yana da karatu da sanin inda za a sa ƙarfin. Kowannensu shi kaɗai da bai yi rabin haka ba.

A farkon Janairu 1966 suka yi umra tare suka komo. Daren Asabar 15 ga wata, cikin goman ƙarshe na azumi, sojoji ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka auka wa gidan Firimiya a Kaduna, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. Da gari ya waye manya da yawa sun ɓuya, ba kuwa abin zargi ba ne, gama ba wanda ya san sunan wa ke cikin takarda. Shi ma sojoji sun ɗauke shi sun kai shi gaban Nzeogwu an yi masa tambayoyi. Da aka sake shi bai nemi mafaka ba, ya tsaya a kan a ba da gawar, aka yi mata sutura, aka yi salla aka rufe a Kaduna yadda addini ya ce. Abota da mai mulki kowa na so ran da a ke rabon riguna. Ta ran 15 ga Janairu ita ce ba kowa ba.

Bayan Sardauna

A 1967 aka raba Jihar Arewa jihohi shida, ƙasarmu ta faɗa Jihar Arewa maso Yamma. A 1968 aka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mai da su hannun gwamnatin jiha, aka rufe kotunan sarakuna. Abin da ya dame shi yana muhuti a Sakkwato shekara ashirin baya, ya ga an taɓa shi da ransa.

Rashin babban abokinsa ya sa ya juya ga jama'a kai tsaye. Ya zauna a Masallacin Sarkin Musulmi Bello yana tafsiri da karantar da hadisi da fiƙihu da Hausa, Rediyon Kaduna na ɗauka. Wannan ya canja abubuwa da yawa a karkara irin tamu. Matar da ke cikin kulle, da makiyayi a ruga, da manomin da bai wuce Ahalari ba, duk suka riƙa jin hukuncin gado da na saki da na ciniki da harshensu, ba tare da sun durƙusa gaban kowa ba. Ya fassara Hadisai Arba'in da Hausa, ya rubuta tafsirin Larabci mai suna Raddul Azhan, ya kuma fassara ma'anonin Alƙur'ani mai girma da Hausa, aka buga a 1979, daga baya aka sāke bugawa a Madina aka raba wa alhazai. Gidansa na Kaduna kuwa a buɗe ya ke ga ɗalibai da masu neman fatawa da mabukata. A 1987 aka ba shi Lambar Sarki Faisal saboda hidimar Musulunci.

Ba za mu tsallake abin da kowa ya sani ba. A 1972 ya fitar da littafinsa Al-Aƙidatus Sahiha, inda ya soki abubuwa da dama na ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya. Manyan malamai irin su Shaihu Nasiru Kabara na Kano da Shaihu Ɗahiru Bauchi suka mai da martani. A 1978 almajirinsa Shaihu Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a Jos. Gardamar ta sauko daga littattafai ta shiga garuruwa, aka raba masallatai, aka raba sahu, a waɗansu wurare har aure ya mutu, ɗa ya daina gai da uba. Ƙasarmu ba ta tsira daga wannan ba. Cikin waɗanda suka ba da kuɗi da ƙarfi domin wannan gini akwai masu ganin shi ne ya farkar da su, akwai kuma masu ganin ya yi wa shaihunansu tsanani. Wannan littafi ba wurin raba wannan gardama ba ne, mu ma ba mu isa ba. Abin da mu ke iya faɗi shi ne, Jama'atu Nasril Islam da ya sa hannu aka kafa, sarakuna da malaman ɗariƙa da ma'aikatan boko duka suka zauna cikinta, kuma alhajin da ya tsaya wa a Jidda ko marainiyar da ta kai ƙara Kaduna ba a tambaye su wuridin da su ke yi ba.

Ya rasu a wani asibiti a Landan ran 11 ga Satumba 1992, aka kawo shi Kaduna aka yi masa salla cikin taron da ba a saba ganin irinsa ba.

Abin da ya shafe mu

Shekara huɗu bayan rasuwarsa, a 1996, aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato. A watan Oktoba 1999 aka yi shelar shari'a a Gusau, aka fara aiki da ita a Janairu 2000, hukuncin laifuffukan da aka cire a 1960 ya komo kotunan Musulunci. Gummi kuma ba ta daina fid da masu shari'a ba: a 2013 Mai Shari'a Lawal Hassan ya ajiye kujerar Babban Jojin Birnin Tarayya Abuja aka naɗa shi Sarkin Gummi.

Duk da haka, mutumin Yargalma ya san akwai nisa tsakanin doka a takarda da adalci a ƙofar gida. A 2010 muka binne 'ya'yanmu saboda gubar dalma da ke cikin dutsen zinariya, wanda a ke niƙawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, har sai da likitocin ƙungiyar MSF suka zo, aka kankare ƙasar gidajenmu aka zuba sabuwa. Ba wanda ya yi nufin kashe ɗansa, rashin wanda zai gaya mana da harshen da mu ke ji ne, tun da wuri. Bayan wannan kuma ga fitinar daji, wadda dattawa suka shaida cewa da yawa daga cikin tushenta ƙananan ƙararraki ne na ɓarnar gona da toshe burtali da satar saniya, waɗanda ba a raba da gaskiya ba, ko aka raba su da kuɗi, har wanda aka zalunta ya daina zuwa gaban alƙali.

Saboda haka kwamiti ya tsai da abubuwa uku game da wannan gini. Rijiya da wurin alwala za a fara gamawa kafin a ɗora bango, domin kada wani ya sami dalilin taimama a ƙofar masallacinmu, kuma mata da yaran unguwa su ɗebi ruwa mai tsabta. Za a fid da ɗaki a gefen kudu na karatu, inda za a riƙa karanta babin gado da na aure da na ciniki da Hausa, a ware wa mata ranarsu. Ɗakin nan kuma shi ne zauren sulhu, Liman da dattawan manoma da na Fulani za su riƙa zama a ciki, abin da ya fi ƙarfinsu su miƙa shi ga alƙali da takarda, a sa wanda ya san hanya ya raka mai rauni. Limanci da ladanci da jeren sahu kuwa, an yi alkawari gaban Hakimi ba za a tambayi kowa ƙungiyarsa ba.

Wanda ke da littafin fiƙihu ko fassarar Alƙur'ani da ya ke so ya yi wakafi da shi ga ɗakin karatu, ko na Malam Abubakar ne ko na Shaihu Nasiru Kabara, sai ya kawo wa magatakardan Liman a rubuta sunansa.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Mahmud Gummi, da mahaifinsa Malam Mahmud, da Sardauna Ahmadu Bello, da Malam Aminu Kano, da malamanmu na kowane ɓangare da suka riga mu, da 'ya'yanmu da muka rasa. Allah ya ba mu ikon kammala wannan gini, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.